Cikina na uku: yadda na farfaɗo da jinina kafin ranar naƙuda

Cikin yana wata biyar na fara lura keken ɗinki ya fi ƙarfina. Keken ƙafa ne da nake takawa tun ina budurwa, amma sai ya zama ko hannun riga ɗaya na haɗa sai na tsaya na huta, zuciyata tana bugawa har cikin kunne. In na miƙe daga tabarma sai na dafa bango, don wani duhu ke gilma min a ido. Watan Afrilu ne, wanda ya san zafin Gombe a wannan lokaci kuwa ba zai yi mamakin ganin mai ciki tana haki ba, saboda haka kowa a gidan zafi ya ɗora wa laifi. Abin da ya fita daban shi ne ƙanƙara. Sai in aiki yaro ya sayo min ta leda, in zauna ina taunarta har haƙorana su yi tsami, in ta ƙare in sake aike. In aka yayyafa ruwa a tsakar gida da yamma, ƙamshin ƙasar nan kan sa yawuna ya tsinke.

Ranar awo, a asibitin unguwarmu, malamar da ke duba mu ta ja fatar idona ta ƙasa, ta juya tafin hannuna, ta kalli farcena.

"Maman yara, kina cin farar ƙasa?"

Na ce ƙasa dai ban kai ga ci ba, amma ƙanƙara ba a magana.

"Na sani," in ji ta. "Je ki a ɗebi jininki, ki dawo min da takardar yau, kada ki kai ta gida."

Takardar ta fito da lamba 26 a gaban haruffan nan uku, PCV, ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyin jini da ake rubuta mana a katin awo. Ni a lokacin lamba ce kawai. Ita ta zaunar da ni ta warware min, duk da layin da ke bayana. Ta ce mai ciki ana so kada ta gaza 33, wato himogulobin, sinadarin da ke sa jini ja, ya kai 11 a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. In ya sauka ƙasa da 7, wajen 21 ke nan a irin tawa takardar, magana ta zama ta kwanciya, wani lokaci har da ƙarin jini. Ni ina tsakiya, kuma saura wata huɗu. Ta ce ruwan jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabi, amma jajayen ƙwayoyin da ke ɗaukar iska ba sa bin sa da wannan saurin, kamar koko ne aka ƙara wa ruwa ba a ƙara gasara ba: kofi ya cika, amma ya tsinke. Ga ɗan da ke ciki yana ɗibar rabonsa na sinadarin ayon, wato ƙarfen da jiki ke haɗa jini da shi, ko uwa tana da shi ko ba ta da shi. Kwaɗayin ƙanƙara da ƙasa ma, in ji ta, sau da yawa alamar ƙarancin ayon ɗin ce, ita farar ƙasar kuma in an ci ƙara tare shi take yi a hanji, ga ƙwan tsutsa da take iya zuwa da shi.

Daga baya na ga cewa binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya samu mata masu ciki 61 cikin 100 a Najeriya da ƙarancin jini. Wato a bencin awon nan namu, masu irin matsalata sun fi marasa ita yawa, kowacce tana cewa zafi ne ko laulayi.

Ba ta tsaya ga abinci ba. Ta tambayi shekarun ƙaramin yarona, na ce bai cika biyu ba na samu wannan cikin; ta gyaɗa kai, ta ce jikin bai gama maido da abin da ya kashe ba aka sake buɗe masa wani bashin. Ta sa aka yi min gwajin zazzaɓin cizon sauro ko da yake jikina ba zafi, don ƙwayar cutar tana iya laɓewa a mabiyiya tana fasa jajayen ƙwayoyin jini, mace tana yawonta ba ta sani ba. Ta duba katin ta tabbatar an taɓa min gwajin sikila. Aka ba ni Fansidar, maganin kariya daga zazzaɓin, ƙwaya uku na haɗiye a gabansu, wanda ake maimaitawa wata-wata bayan ciki ya wuce wata uku, da maganin tsutsar ciki, da umarnin in daina yawo ba takalmi a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Gidan sauron da na naɗe na ajiye a saman sif saboda zafi, ta ce a sauko da shi daren nan. Sai kuma jar ƙwayar nan ta ƙarin jini da 'yar ƙaramar rawaya ta folik asid. Wadda jininta ke daidai sau ɗaya take sha a rana, don abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar wa kowace mai ciki shi ne miligiram 30 zuwa 60 na ayon da maikurogiram 400 na folik asid kullum. Ni da nawa ya riga ya faɗi, aka ninka min.

Ina isa gida labari ya riga ni, shawarwari suka fara sauka. Goggo, ƙanwar mahaifin maigida da ke zaune tare da mu, ta ce ai wannan ba abin ɗaga hankali ba ne, a sayo lemon malt a juye masa madarar gwangwani, kwana uku jini ya cika. Maƙwabciyata ta aiko da zoɓo mai kauri, wai ja ne, jini ma ja ne. Haɗin malt ɗin nan kusan duk macen Gombe ta san shi, kuma ba zan ce ba daɗi ba. Amma da na faɗa wa malamar a awo na gaba, dariya ta yi. Ta ce sukari ne da ƙarfin ɗan lokaci, ayon ɗin ciki bai taka kara ya karya ba, madarar ma in ta haɗu da ƙwayar a ciki rage mata aiki take yi saboda sinadarin kalsiyam. Kuɗin kwalba da gwangwani ɗaya, in ji ta, zai sayi abin da ya fi su amfani a wajen mai nama.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shayi. Gidanmu gidan shayi ne. Da safe shayi da burodi, da dare in maigida ya dawo a sake ɗora tukunya, har da na'a-na'a da citta. Ni kuwa da shi nake kora maganin, don ɗacin bakin da yake bari. Ashe ganyen shayi yana da wani sinadari mai suna tanin da ke kama ayon a cikin hanji ya hana jiki tsotsarsa, haka ma kofi, haka ma goro. Ba cewa aka yi in bar shayi ba, an dai ce in raba su, tsakanin ƙwayar ko abinci mai ayon da kofin shayi a samu kamar awa biyu. Fura da nono ma, wadda ita ce abincin ranata a zafin nan, aka ce in ba ta nata lokacin daban. Abin da ake so ya raka ƙwayar shi ne mai bitamin C: lemon zaƙi, gwaiba, ɗanyen tumatir, mangwaro da ke ko'ina a watannin, ko ruwan da aka matsa wa lemon tsami. Wannan sauyin bai ci min ko kwabo ba, jeri kawai aka canza, kuma a ganina da za a riƙa faɗa wa kowace mace wannan tun ranar da aka miƙa mata maganin farko, da an rage asara mai yawa.

Sauran abincin duk namu ne na gida. Wake da gero buhu-buhu suke a Tudun Hatsi, ba sai an je nesa ba. Na koma cin wake kusan kullum, yau alala, gobe ƙosai, jibi garau-garau da yankakken tumatir a kai. Zogalen bayan ɗakin Goggo ya sha tsinka; in na dafa shi sama-sama sai in kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir, in matsa lemon tsami. Faten tsaki da rama ko yakuwa, miyar alayyafo da ba a bari ta dahu ta mutu ba, miyar kuka da daddawa. Malamar ta ce gero da wake suna da ayon, amma suna da wani abu da ke riƙe shi, kuma jiƙa su ko barin gasara ta yi tsami yana sassauta riƙon. Ashe iyayenmu da ke jiƙa gero ya kwana kafin a kai niƙa suna kan hanya tun da can.

Duk da haka ayon ɗin ganye da hatsi kaɗan jiki ke iya ɗauka daga ciki. Na nama da kifi da hanta ya fi shiga. A nan maganar ta zo inda take da nauyi, don kowa ya san inda tsoka ke tafiya in an sauke tukunya a gidajenmu: kwanon maigida, sai na baƙi, sai yara, mai girkin kuma ta ƙare da romo da ƙashi. Ba mugunta ba ce, haka muka taso muka gani, kuma ni da hannuna nake rabon. Malamar ta ce in zo mata da shi. Na ɗauka ba zai je ba, sai ga shi ya je, yana tsaye a bakin ƙofa yana jin kunyar benci cike da mata. Ta fita ta same shi.

"Malam, iyalinka jininta ya yi ƙasa. Magani muna ba ta, amma cefane ba a hannunmu yake ba. Ko na ɗan kuɗi kaɗan ne, a samu nama ko kifi ko ƙwai ya shiga cikinta ita, ba tukunyar gida ba."

Bai ce komai ba sai "To, Malama, in sha Allahu." Amma daga ranar, in ya dawo da dare akwai 'yar ƙunshin takarda da ba ta bi ta hannun yara. Wani lokaci balangu, wani lokaci busasshen kifin Dadin Kowa. Hanta kuwa an ce min kaɗan, ba kullum ba, kuma ta gasu sosai, don bitamin A ɗin cikinta yana da yawa, in ya wuce kima yana iya cutar da ɗan tayi, musamman a watannin farko.

Zan faɗi ra'ayina a fili, don na ji mata da yawa suna cewa su ba sa shan maganin asibiti, zogale ya ishe su. Zogale alheri ne, amma ciki guda yana cin ayon wajen miligiram 1,000 daga farkonsa zuwa ƙarshe. Macen da ta shiga cikin da rumbunta a cike, abinci zai iya riƙe ta. Wadda ta riga ta sauka 26 a wata na biyar, ko bishiyar za ta cinye ba za ta cike gurbin kafin haihuwa ba. Abinci da ƙwayar tare suke aiki.

Ita ƙwayar kuma ba ta da daɗin zama da mutum, gara a faɗa. Tana tayar da zuciya, tana sa bayan gida ya yi baƙi ƙirin, tana ɗaure ciki. Baƙin ba komai ba ne, an gaya min tun farko, shi ya sa ban firgita ba. Tashin zuciyar na rage shi da sha bayan na ɗan taɓa abinci, ta dare kuma dab da kwanciya, barci ya ɗauke ni kafin ta fara aikinta. Taurin cikin kuwa ruwa da yawa da ganye da gwanda suka warware shi. A benci na ji wata tana raɗa wa 'yar'uwarta cewa ita a ƙarƙashin katifa take tara nata, wai yana sa ɗa ya yi ƙato a kasa haihuwarsa sai an yi aiki. Wannan maganar ta yi nisa a cikin mata. Abin da ma'aikatan lafiya ke tsoro akasinsa ne: ƙarancin jini na jawo bakwaini da jariri maras nauyi, uwa kuma ta zo gwiwa ba ƙarfin yunƙuri.

Bayan kamar wata guda aka sake ɗiba, 29. Kwaɗayin ƙanƙarar ya tafi da kansa ban ma lura da ranar ba. Da cikin ya shiga wata tara, takardar ta nuna 33. Duk da haka malamar ta ce kada in kuskura in haihu a gida, kuma a tanadi wanda zai ba da jini ko da za a buƙata. Ta ce in mace ta zubar da rabin lita bayan haihuwa, a lissafinsu zubar jini ce. Mai cikakken jini takan jure wannan ta tashi, wadda nata ke ƙasa kuwa shi kaɗai ya isa ya kayar da ita. Aka gwada ƙanin maigida, rukuninmu ya zo ɗaya, aka ce ya bar wayarsa a kunne. Ta kuma gaya mana in abu ya fi ƙarfinsu, Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Tarayya za su tura mu, don haka a ajiye kuɗin mota a gefe.

Shirin naƙudar kansa a watannin nan na ƙarshe aka yi shi. Haihuwata ta fari a Kumo na yi, gidan iyayena, inda aka kai ni goyon ciki. Abin da aka koya min a lokacin ɗaya ne: kada a ji muryarki. 'Yar mutunci ba ta raki, balle a ɗan fari. Na cusa gefen zane a baki, na ƙanƙame jikina, na kwana ina kokawa da ciwon, washegari muƙamuƙina ko buɗuwa ba ya yi. Ta biyu a wani asibiti ce, inda tun shigata aka ce in hau gado in kwanta rigingine, aka bar Addata, wato yayata, a waje, ba mai ce min ko sannu sai in an zo dubawa. Wannan ta fi ta farkon wuya. Saboda haka da malamar ta fara koya mana dabarun sauƙaƙa naƙuda a ranakun awo, na matso gaba.

Ta ce tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar kula da mai naƙuda, a ciki har da barin mace ta zo da wanda ta zaɓa ya zauna da ita, a bar ta ta yi tafiya ta sauya zama yadda ta ji daɗi, a bar ta ta ci ta sha in ba wata matsala, a yi mata tausa da ɗumi. Ɗakin haihuwarsu gadaje ne a jere, namiji ba zai shiga ba, amma mace ɗaya an yarda. Na kawo Adda awo na gaba, aka koya mata a jikina. Dunduniyar tafin hannu za ta kafa a ƙashin nan na ƙasan gadon baya, ta danna da nauyin jikinta, ba shafa ba, dannawa, tun daga tasowar ciwon har ya lafa. Ko ta tsaya a bayana ta matse ƙuguna da hannu biyu. Ni kuma aikina numfashi: in ja ta hanci a hankali, in sake ta baki ya fi wanda na ja tsawo, kafaɗa a sake, haƙora kada su haɗu. Ta ce tsoro ke sa mace ta ɗaure jiki, ɗaurewar ta ƙara ciwon, ciwon ya ƙara tsoron, haka abin zai yi ta zagayawa sai an katse shi ta wani wuri, kuma numfashi ne wurin da ya fi sauƙin kamawa. Kwanciya rigingine kuwa, nauyin mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya, shi ya sa mace kan ji jiri. In za a kwanta, a kwanta ta gefen hagu.

Goggo ma ta yi nata shirin. Ta kawo wani jiƙo a gora, wai maganin zaƙi, a fara sha tun wata takwas don haihuwa ta zo da sauri. Wannan malamar ta riga ta ja mana kunne a kai, shi da allurar naƙuda da wasu ke kira a yi musu a gida. Ta ce addu'a ku yi iyakar iyawarku, amma duk abin da zai tsananta ciwon mara alhali bakin mahaifa bai buɗe ba, yana iya galabaitar da jariri ko ya yaga mahaifar, kuma saiwar da ke cikin gora ba wanda ya auna ƙarfinta. Ni dai ba zan iya ce wa Goggo a'a ba. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya, na sanar da maigida, shi ya san yadda ya lallaɓa gwaggonsa. Abin da muka haɗu a kai ni da ita shi ne dabino. Ta ce ai shi aka umarci Nana Maryam ta ci lokacin da naƙuda ta kai ta gindin bishiyarsa, yana nan cikin Suratu Maryam. Tunda gwajin sukarina lafiya lau, malamar ta ce in ci 'yan ƙwayoyi a rana ba laifi.

Ciwon ya fara bayan sallar isha'i, cikin watan Agusta, hadari ya haɗo ta gabas. Ban tashi kowa ba da farko. Na yi ta zagaya tsakar gida, in ya taso in dafa turmi in sunkuya ina juya ƙugu, in ya sake ni in ci gaba da tafiya. Na sa aka ɗora ruwa, na yi wanka da mai ɗumi, ba mai ƙuna ba, na daɗe ina kwarara shi a bayana, kuma wannan ya yi min daɗi fiye da yadda na zata. Na sha kunun gyaɗa rabin kofi, na ci dabino. Adda tana riƙe da waya tana duba tazarar. An gaya mana in ya koma duk minti biyar a taho, kada a jira, don haihuwa ta uku ba ta da tabbas. In kuwa faya ta fashe, ko aka ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko motsin ɗa ya ragu, to ba a ma duba agogo. Mai Keke Napep ɗin layinmu tun wata guda da ya wuce aka yi magana da shi, don wanda ya san yadda kwarin Gombe ke cika in an yi ruwan dare ba zai bar neman abin hawa sai lokacin ba. Muka fita ana yayyafi.

Ungozomar da ke aikin dare ta duba ta ce bakin mahaifa ya buɗe santimita 5, ana neman 10. Ta saurari bugun zuciyar ɗan, ta duba katina, ta ga tarihin jinin, ta sa min 'yar robar nan a jijiyar hannu ta rufe ta, ko da za a buƙaci hanya da gaggawa. Sannan ta ce, "Sauko ki taka, ƙanwata. Gadon ba inda za shi."

Muka yi ta kai da komo a baranda ni da Adda. In ya taso sai in rataya hannuwana a wuyanta ko in dafa bango, ta zagaya baya ta kafa hannu. Ba zan yaudari kowa ba, ciwon bai tafi ba. Naƙuda naƙuda ce. Amma dannawar nan tana raba shi biyu, wanda ke sara a baya ya dushe, ya bar ni da na mara kaɗai, shi kuma ina bin sa da numfashi har ya kai ƙololuwa ya gangaro. Abin da na gane a daren, wanda ban gane ba a haihuwa biyu, shi ne tsakanin ciwo da ciwo akwai hutu na gaske, minti biyu ko uku da babu komai. A da ina ɓatar da su wajen fargabar mai zuwa. Wannan karon ina kurɓar ruwa, ina sakin jiki, har gyangyaɗi na yi a kafaɗarta. Ungozomar tana tuna min in je fitsari a kai a kai, wai cikakkiyar mafitsara tana tare wa kan ɗa hanya. Murya kuma ban danne ta ba, ban kuma yi kururuwa ba. Wani gurnani ne can ƙasa da ke fita tare da numfashin, wani lokaci ya zama salati, wani lokaci ya tsaya gurnaninsa.

A gadon gefe akwai wata yarinya, haihuwar fari, wadda ta rako ta tsohuwa ce da ba ta iya tsayuwa. Tana kwance ta ƙanƙame ƙarfen gado tana kiran innarta. Da nawa ya lafa sai Adda ta matsa wajenta, ta juya ta gefe, ta danna mata bayan, tana cewa, "Hura, 'yar nan, hura kamar yadda nake yi." Haka ta yi ta raba hannu tsakaninmu har ungozomar ta ce ko za ta zo ta nemi aiki.

Da ƙafafuna suka gaji na hau gado na durƙusa, na rungumi filo a jikin kan gadon. Adda ta jiƙa tawul da ruwan ɗumi daga filas tana ɗora min a ƙugu. Daga santimita 8 kuwa dabara ta ƙare. Jikina ya ɗauki rawa, amai ya taso, ko taɓa ni ba na so a yi, hannun da nake roƙo ɗazu na ture shi. Na ce, "Adda, ki yafe ni, mutuwa zan yi." Ta sunkuyo dab da kunnena ta ce, "Ba yau ba, da yardar Allah. Saki numfashin, ina nan." Ungozomar ta ce duk wadda ta fara neman gafara ta kusa. Ba a jima ba faya ta fashe, ruwan fari tas, nishi ya zo da kansa ba wanda ya ce in yi.

Ta ce in juyo in jingina, rabi zaune, in kama cinyoyina. A nan na ga amfanin watannin wake da jar ƙwaya, don a haihuwa ta biyu a daidai wannan gaɓar numfashina yankewa ya riƙa yi, yanzu kuwa ina da abin da zan tura da shi. Da kan ya bayyana ta ce in daina yunƙuri, in riƙa huci gajere-gajere don ya fito a hankali kada in ƙaru. Mace ce, kilo 3.1, ta zo kafin kiran assalatu. Nan take aka yi min allurar oksitosin a cinya. Wannan ba a yi min shawara ba, ni ma ban nema ba, kowace mai haihuwa ake yi wa don mahaifa ta tsuke jini ya tsaya, balle mai tarihi irin nawa. Aka kifa min ita a ƙirji, ba a yanke cibiya ba sai da aka ɗan jira. Minti ɗaya zuwa uku ake so, don jinin da ya rage a mabiyiya ya gangara jikin jaririya ya zama nata ajiyar ayon na watannin farko. Mabiyiya ta fita, ungozomar ta murza min ciki, ta kama hannuna ta nuna min yadda mahaifar ya kamata ta yi tauri, ta ce in na ji ta yi laushi ko ƙunzugu yana jiƙewa da sauri in yi magana. Aka sa ta a nono tun a awar farko, kuma tana fara tsotsa na ji marata tana murɗawa.

Kafin a sallame mu aka sake ɗibar jini, 30. Ƙanin maigida ya koma shagonsa da jininsa a jikinsa. Aka haɗo ni da jar ƙwayar, wai in ci gaba har wata uku, don haihuwa ta ɗebi nata, shayarwa kuma ga ta nan tafe.

Jego a hannun Goggo yake, kuma nan ba ta da abokin gardama: ruwan zafi safe da yamma, farfesun kaza, gasasshen nama da yaji. Kunun kanwa kaɗai muka yi ciniki a kai, don a asibiti sun ce a rage, gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki ya ɗora wa zuciya nauyi, zuciyar da ta riga ta sha aiki wata da watanni da jini kaɗan. Muka daidaita a kan kunun gyaɗa da na tsamiya, na kanwar kuma ɗan kaɗan don kada ranta ya ɓaci. Shayin ma da ya dawo da ƙarfinsa saboda 'yan barka, na ci gaba da nisanta shi da ƙwayar.

A awon sati shida takardar ta nuna 34. Malamar ta rubuta, ta duba jaririyar, sannan ta rufe katin ta kalle ni. Ta ce shawarar masana lafiya ita ce a samu aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin, kuma ni shaida ce kan abin da ke faruwa in ba a samu ba. Ta jero min hanyoyin tazarar da suke da su, da wanda ya dace da mai shayarwa. Na ce sai na yi shawara da maigida. Ta ce in taho da shi ranar rigakafi, tunda ya riga ya san hanya.